Balo a Kan Gammo

Ran nan jikata ta zo mini da waya a hannu, ta ce in kalli ƴan matan ƙasarmu suna buga ƙwallo da na wata ƙasa. Na gyara tabarau na duba. Ƴan mata ne zarata, riga iri ɗaya, kowa da takalmi, ga fili kore shar. Raina ya yi fari ƙal. Sai yarinyar nan ta ɓata mini shi, ta ce, "Kaka, ku a zamaninku ai mace ko taɓa ƙwallo ba ta yi." Na ce ta ajiye wayar nan ta gyara zama, don ni ba a yi mini ƙarya ina zaune.

A garin Waca na yi lakwal, wato makarantar boko, a shekarun da ruwa ya dawo bayan babban fari. Mu ƴan mata ba mu da yawa, benci biyu ya ishe mu. Malaminmu, da muke ce wa Mushe, dogo ne siriri mai son dariya, amma yana ɓoye ta don kada mu raina shi. Yana da balo, wato ƙwallo, guda ɗaya na fata, shi ke nan a duk garin. Ya tsufa, baduku ya sha ɗinke shi, kuma ko an hura shi ba ya cika, kullum a ɗan lotse yake. Duk da haka, a idonmu babu abin da ya kai shi kyau.

In an fito shan iska, Mushe ya jefa wa maza balo, mu kuma mu ɗauki tuluna mu nufi rijiya, mu cika randar lakwal, mu shayar da ƴan itatuwan da aka dasa. Haka aka saba, ba wanda ya ga laifi a ciki sai ni. A hanya mukan ajiye tulu mu ɗan buga tamaula ta tsumma, amma tsumma ba ya tashi sama, ba ya wannan ƙarar mai daɗi. Ni dai balon fata nake so in ji a ƙafata, har mafarkinsa nake yi.

Da ma tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Wata rana na tsaya gaban Mushe da tulu a kaina na ce, "Mushe, balon nan an rubuta sunan maza a jikinsa ne?" Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce to, ran Laraba mu kara da ƴan ƙaramin aji. In muka ci ko sau ɗaya ne, kowace Laraba balo namu ne, maza su je rijiya. In ba mu ci ba, kada ya sake jin maganar.

Da muka haɗa kanmu sai muka ga ba mu cika ba, dole na je roƙon taubashiyata, ɗiyar gwaggona. Ita ce babbarmu, doguwa, mai sanyin jiki, ba ruwanta da ƙwallo. Abin da ta iya shi ne ɗaukar kaya. Tana tafe da tulu cike a ka, hannayenta suna ɓarar gyaɗa, ɗigo ɗaya ba ya zuba. In babanta ya hau rumbu, daga can sama yake sako mata dami, ita kuwa ta ɗan rusuna ta tare shi da ka. Gammonta ba ya barin kanta, har mantawa take yana nan, da shi take shiga aji. Na ce ta zo ta cika mana fili. Ta ce, "Ke da ƙafafu kamar na zalɓe za ki yi gudu? Zan zo in ga faɗuwarki." Na ce na yarda, ta zo ko tsayuwa ce ta yi.

Ran Laraba da yamma, bayan an tashi daga lakwal, muka tattare zannuwa muka ci ɗamara. Aka dasa tubali biyu a kowane gefe, tsakaninsu ne gida. Mushe ya ja mana kunne cewa mai tsaron gida kaɗai ke da izinin sa hannu, wanda ya taɓa kuwa ya fita. Taubashiyata ta ji wannan da kyau, ta mai da hannayenta baya ta sarƙe.

Ba zan ɓoye ba, ƙananan yaran nan sun wanke mu tas. Suna bi ta tsakanin ƙafafunmu, mu kuwa duk mun taru a kan balo muna turereniya, mun fi harbin junanmu da harbinsa. Suka ci, suka ƙara, har na daina lissafi. Matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya bakin fili da tulunansu suna kallo, har da innata, tana rufe baki da gefen mayafi. Na ga Mushe yana duban agogonsa, zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Can sai balo ya gangaro gabana. Don haushi na sa masa yatsun ƙafa da duk ƙarfina, ban ma duba inda zai je ba. Ya tashi sama sosai, ya juyo, yana saukowa daidai inda taubashiyata take tsaye ita kaɗai, don tun farkon wasa ba ta motsa ba. Ta ɗaga ido ta ga abu yana zuwa daga sama. Hannu an hana. Sai jikinta ya yi abin da ya saba yi a gindin rumbu: ta ɗan rusuna ta tare. Balon nan lotsattse ya zauna daram cikin gammo.

 Ta juyo a hankali, wuyanta a miƙe, ta ce mini, "To, ina za a kai?"

Na ce, "Tsakanin tubalan can. Ki yi sauri, don Allah."

Ta kama hanya da tafiyar nan ta masu tulu, kai a tsaye, ƙafa na sauri. Yaran suka bi ta suna tsalle, ba wanda ya kai kafaɗarta, kuma su ma an hana su hannu. Saura mai tsaron gida, wani ɗan gajere mai kunya, ɗan maƙwabtanmu. Shi yana da izinin ya kaɓe balon. Amma tun yana rarrafe uwarsa ta koya masa cewa mai kaya ake ba hanya, kuma ɗan kirki ba ya taɓa kayan da ke kan babbar yarinya. Da ya ga ta nufo shi da abu a ka, sai ya ja gefe. Da kunnena na ji ya ce, "Sannu, Yaya." Ta amsa, ta wuce tsakanin tubalan, ta sunkuyar da kai balo ya faɗi.

Matan rijiya suka saki guɗa. Maza suka yi caa a kan Mushe, wai ba haka ake yi ba. Shi kuwa dariyar da yake ɓoyewa tun da ya zo garin ta ci ƙarfinsa, sai da ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya tambaye su ko ta sa hannu. Suka ce a'a. Ko balo ya wuce tsakanin tubali. Suka ce ya wuce. Ya ce, "To, ci ya ci. Amma daga yau ba a shigo mini fili da gammo."

Da Laraba ta zagayo, muna tsaye maza suka ɗauki tuluna suna ƙunƙuni. Zuwan farko suka dawo a jiƙe sharkaf, kowane tulu rabi. Ɗan maƙwabtanmu ya raɓo kusa da taubashiyata yana shafa tsakar kansa, ya ce, "Yaya, ara mini gammonki." Ta cire ta miƙa masa, ta ce ya riƙe, yau ba ta da aikinsa.

Jikata ta ce alƙalin wasa na yanzu ba zai karɓi wannan ci ba. Na ce ya je ya gaya wa taubashiyata, tana nan Waca da ranta. Ni abin da na sani, a Larabar da maza suka je rijiya Mushe ya jefo mana balo, na bi shi da gudu daga wannan tubali zuwa wancan, ina jin iska a tsakar kaina. Ban taɓa ratsa filin lakwal ɗin nan a lokacin shan iska ba tare da kaya a ka ba sai ranar.