Malam Haruna Bayawuri ya riga mu

Da safen nan ina cikin shirya akwati waya ta shigo: Malam Haruna Bayawuri ya rasu a ɗakinsa na Panyu, nan birnin Guangzhou. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Har yanzu akwatin a buɗe yake.

Yawancinku kun ga abin da na sa a shafin nan shekaranjiya. 'Yata Hadiza ta sauka lafiya, mace, jikata ta fari. Tun ranar bakina bai rufu ba. Gobe ne jirgina zai tashi zuwa gida don in riski suna. To ga Malam Haruna kwance, ba shi da ɗan uwa ko ɗaya a ƙasar nan, kuma an ce takardun sakin gawa sai an bi su kwana da kwanaki. Wanda zai bi su sai wanda ya san shi, ya san mutanensa na gida. Duk Guangzhou ni ne.

A benen 'yan kasuwa na Tianxiu muka haɗu, ina sabon zuwa. Da girma na shiga makarantar yamma, don haka karatun boko nawa a hankali yake tafiya. In muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari, ya san kowace tasha, amma sai ya yi shiru ya bar ni in haɗa baƙaƙen da kaina. In na karanta daidai ya ce, "Mu je, Alhaji." Bai taɓa riga ni ba.

Bara, lokacin gasar Olamfik, na zo sayen kayan ɗakin Hadiza. Gado, kujeru, da wata wadirof mai madubi da uwarta ta nace a kai. An gama su a wani kamfani a Panyu, sai motar kaya ta yi wuya, bincike ya yi yawa a hanya, kwantenarmu kuwa ana dab da rufe ta a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Duk direban da na kira, "meyo" yake ce mini, wato babu.

Malam Haruna ya leƙa bayan kamfanin, ya dawo yana murmushi. "Ga hanya a bayan gida kana neman mota."

Hanyar ruwa ce da aka haƙa, siririya. Ya san wani tsoho mai ɗan dogon jirgi na inji, suna shiri duk da ba wanda ke jin yaren wani sosai. Na ce ni fa ba zan shiga ba.

"Bakano," in ji shi, "kai duk ruwan da ya fi na buta tsoronsa kake ji. Shigo, gadon 'yarka ma ya shiga bai yi gardama ba."

Na shiga ina ta addu'a.

Kafin a fita babban kogi akwai ƙofar ruwa. Jirgi zai shige wani lungu tsakanin bango biyu, a rufe ƙofar ƙarfe a bayansa, a riƙa zuƙe ruwan har ya yi daidai da na gaba, sannan a buɗe ta gaban. Malam Haruna ya zagaya igiya a wani ƙarfe jikin bango ya miƙo mini bakinta. Ni kuwa da na saba ɗaurin kaya a kan mota, hannuna ya tafi zai ƙulle ta tamau.

Ya dafa hannuna.

"Ba a ɗaurewa a nan, Alhaji. Ruwa zai sauka, jirgi zai bi shi. In ka ƙulle, gefe ɗaya ya rataye, wadirof ta tafi wanka. Riƙe kawai, kana saki kaɗan-kaɗan."

Haka muka tsaya, shi a gaba ni a baya, bango yana ta tsawo a kanmu, jiƙe da gansakuka. Igiya tana goge mini tafin hannu. Yana ba ni labarin kogin garinsu, da mahaifinsa mai fito da kwalekwale, da yadda bai taɓa zaton zai tsufa a bakin ruwan wasu ba. Tsohon mai jirgi ya miƙo mana shayi a ƙananan kofuna, hannu ɗaya muka karɓa.

Kayan sun riski kwantena. Madubin ko tsagewa bai yi ba.

Ganinmu na ƙarshe ranar da aka yi haihuwar ne. Na je masa da dabino, na tarar yana tari, ya ce sanyin fanka ne. Ya rungume ni, sannan ya ce, "Ka faɗa wa amaryata angonta na gaske yana tafe. Kai ka tsufa, ta yi haƙuri da kai zuwa Sallah."

Ɗazu na kira Hadiza. Na gaya mata rasuwar, amma zancen fasa tafiya na yi ta kewaye-kewaye, na kasa faɗa. Ita ta katse ni.

"Baba, ka tsaya ka sa shi a makwancinsa. Yarinya tana nan, za ka same ta."

Na fasa tafiyar. Za a yi suna ba ni.

'Yan uwa na unguwar Xiaobei, Kanawa da mutanen Nijar da ɗalibai, zan sanar da ranar jana'iza a nan da zarar takardu sun fito. Ku rufe shago na ɗan lokaci ku zo, kada sahunsa ya yi gajere.

Ya Allah, bawanKa ya mutu baƙo, Ka karɓe shi da rahama. Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa na Yawuri haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya ɗaga hannu ya roƙa masa gafara. Sunansa Haruna.