Ranar da Na Gogi Jirgin Alhazai

Shekara shida na yi ina tuƙa motar matakala a filin jirgin saman Birnin Kebbi, wadda ake jinginawa a ƙofar jirgi fasinjoji su hau. Dokar aikin ba wuya: ka gwada birki tun daga nesa, kuma kada ka matsa kusa da jirgi sai mai ba da hannu ya tsaya a gabanka.

Shekarar da mahaifiyata za ta sauke farali, da hantsi aka kawo su daga Argungu. Ƙyafar kifi ce sana'arta, ba ta taɓa ganin wurin aikina ba. Na hango ta a rumfar jira, rungume da jakarta, tana nuna wa wata ƙawarta ni. Sai na ji ina so ta ga yadda nake juya motar nan. Mai ba da hannu, wani dattijo ɗan Gwadangaji, yana can yana duba waigin da ake tokare tayoyin jirgi da shi. Ban jira shi ba. Na ɗaga mata hannu, na taka mota.

Ƙarar ba ta yi yawa ba. Gefen matakalar ne ya gogi jirgin a ƙasan ƙofa, wurin ya lotsa kamar faɗin tafin hannu. Na ja baya, na sake jinginawa yadda robar bakin matakalar za ta rufe wurin. Wannan rufewar ita ce har yau nake jin kunyarta. Na sauko na tsaya, aka fara kiran alhazai.

Dattijon ya matso kusa da ni. "Ɗana, na ji wani abu. Mi ya faru?"

"Ba komi, Baba."

Ya dube ni, ya dubi layin mata. "Jirgin ga sama za shi, da mutane ciki. In ba komi, to."

Ya koma aikinsa. Sai da Inna ta dafa ƙarfen matakala tana mini murmushi, sannan ƙafafuna suka kai ni wurin injiniya, na faɗa masa abin da na yi. Ya sa aka janye motar, ya shafa wurin, ya ce jirgin ba zai tashi ba.

Kwana biyu alhazai suka ƙara a sansani, tsofaffi kwance kan tabarmi cikin zafi. Ni kuwa aka dakatar da ni. Da na kai wa Inna fura, mata suna ta zancen direban da ya jawo musu wannan. Ta ja ni gefe.

"Kai na?"

"Ni na, Inna."

"Kai ka faɗi da bakinka?"

"Sai da aka tambaye ni, kuma da farko musu na yi."

Ta daɗe tana juya ludayi cikin kwano. "To, tafi gida," in ji ta. "Kada su gane ka."

A rana ta uku aka kawo wani jirgin. Wani direba ne ya jingina musu matakala. Daga bayan shinge na tsaya, ban iya tantance ta cikin fararen hijabai ba.