Kofin Kawu Bukar

Farkon abin da idona ya kama ranar da aka kawo ni gidan Kawu Bukar a unguwar Jurf ta Madina, bayan rasuwar mahaifina, shi ne wani dogon kofin gilashi da ya ɗaga wa rana yana kallo kamar mai duban wata. Duk wanda ya san shi ya san kofin nan. Wani Bajamushe da suka yi aiki tare a Yanbu ne ya ba shi, ya kuma koya masa shan ruwan sha'ir marar maye, wanda mutanen nan ke kira bira.

Sharuɗɗansa uku ne, kuma ba a ɗaukaka ƙara. "Launi kamar zinariya, kumfa yatsa biyu, ɗan ɗaci a ƙarshe. In babu ɗaci, lemon yara ne!"

Wata rana mai kantin unguwarmu ya miƙo masa sabon samfuri mai ɗanɗanon tuffa. Kawu ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ya shaikh, wa ya aurar da sha'ir ga tuffa ban sani ba? A raba su!"

Inna Hajara, matarsa, ta taɓa zuba masa zoɓo a kofin. Kai! Kwana uku yana cin abincinta yana gaisawa da bango.

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da alhazan Kano ke kawo mana. Ina jiran saurayi mai kalamai kamar ruwan sama. Sai Allah ya haɗa ni da Habibu, direba ɗan Damagaram, wanda in ya ce "sannu" ya gama hirar ranar. Amma shi zuciyata ta zaɓa, Kawu kuma shi ne waliyyina. Manema biyu ya riga ya kora, kuma dukansu da kofin nan ya gwada su. Na farko ya ce, "Zuma!" Na biyu ya ce, "Madarar Aljanna!"

Ranar da Habibu ya zo, Kawu ya fito da wata kwalba ta wani ƙaramin kamfanin Jamus. Ya karkata kofin, ya zuba a hankali, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"Tayyib, ya yi kyau. Ƙamshin sabon burodi, ga tsabta, ga ɗacin a inda ya dace. Wannan ya ci jarrabawa. Kai yaro, karɓi. Yaya ka ji?"

Ina bayan labule, ina roƙon Allah ya sa masa baiti ko ɗaya a baki.

Habibu ya haɗiye da ƙyar. "Wallahi Kawu, kamar jiƙon maɗaci. Ni kunu na fi so."

Innalillahi! Na jingina da bango, na fara shirya hawayen rabuwa.

Kawu ya karɓi kofinsa, sannan ya ce, "Harshen nan jahili ne, amma ba ya ƙarya. Halas, na ba ka ita."

Da ƙafafun Kawu suka gaza a ƙarshen rayuwarsa, Habibun nan ne ya yi shekara shida yana tura shi a keken guragu zuwa Masallacin Annabi, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe shi a maƙabartar Baƙi'a.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya shayar da shi daga Alkausara.