Malam Anya da Motar da Aka Ɗaga

Mijin yayata, in ka ce masa "ina kwana", sai ya leƙa waje ya ga ko da gaske garin ya waye. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Malam Anya, don duk maganar da ka kawo amsarta ɗaya ce: "Anya kuwa?" Yayata ta rantse ranar da aka miƙa masa ɗan fari sai da ya duba yatsun jaririn ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce alhamdu lillahi.

Sana'arsa gyaran rijiyar burtsatse, kuma ko maƙiyinsa ya san ya iya. Yana da tsohuwar jif da yake shiga ƙauyuka da ita, bayanta kullum a cike taf: janareto, famfon ruwa, sarƙa, bututan ƙarfe, da akwatin sifanu wanda sai mutum biyu ke ɗaga shi. Duk duniya mutum ɗaya yake miƙa wa makullin motar nan bai bi shi da kallo ba, wato Sanƙo bakanike, abokinsa tun suna tura gare-gare a layi. Shi ma Sanƙon makulli kawai yake samu. Kafin mota ta je gareji sai Malam ya sauke komai, har safaya da jak, ya kulle a ɗaki. Cewa yake gareji kasuwa ce, kasuwa kuwa akwai 'ya'yan kowa.

Da damina ta matso, cikin motar ya riƙa gugar ƙasa a hanyoyin ƙauye, sai ya ce a ɗaga ta. Sanƙo ya sa mata dogayen sifirin masu kauri da sababbin shokozoba, ƙarfen nan da ke shanye girgiza. Mota ta fito tana taƙama kamar raƙumi, yayata sai da aka sa mata kujera ta taka kafin ta hau.

Tun a hanyar komawa gida aka san akwai magana. Ko tsakuwa ta taka sai ta yi tsalle. Yayata ta sauko riƙe da ƙugu ta ce ita da motar nan sai dai a lahira. Ni da na shiga, ban ƙara magana ba don kada in cije harshena, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramar azaba ba ce.

Malam bai koma wurin Sanƙo ba, sai ya fara bincike a ɓoye. Mai faci ya gwada tayoyi ya ce iska ta yi yawa, aka rage, abin ya ɗan lafa, tsallen yana nan. Mai daidaita ƙafa ya gyara sitiyarin da ke ja gefe, tsallen yana nan. Wani bakanike a bayan tasha, wanda ko ƙarƙashin motar bai leƙa ba, ya danna bayanta da hannu ya taɓe baki ya ce, "Alhaji, ka tabbata sababbi aka sa maka?"

Shi ke nan, an zuba wa wuta fetur. Malam ya shiga ƙarƙashin mota da tocila da rana tsaka, ya kankare fentin shokozoba da farce, ya shinshina. Ya ɗauko jan farcen 'yarsa ya ɗiga wa kowane noti alama, don in an taɓa ya gane. Aiki kuwa ya tsaya, don ya ce ba zai ɗora kayansa a motar da ake shari'a a kanta ba. Ƙauyuka suna ta kira, kaya suna kulle a ɗaki.

"Tsofaffi ya fesa wa fenti," in ji shi. "Sababbin nawa ya sa wa wani."

Na ce, "Haba Malam, Sanƙon da ya yi maka abokin ango?"

"Ai na gida shi ya san inda ɗaki ke yoyo."

Sanƙo ya ji ƙishin-ƙishin. Ya daina zuwa majalisa, matarsa ta daina amsa wayar yayata. Da na roƙe shi, cewa ya yi, "Ka gaya masa ya zo ya faɗa a idona. In ya furta kalmar ɓarawo, ni da shi har abada."

Malam kuwa ya shirya furtawa, kuma ba ya magana babu shaidu. Ya tattaro mu: ni, wanda tela ke auna ni da igiya biyu, da mahaucin layinmu, da wani ƙaninsa mai ɗaga ƙarfe, da maƙwabcinsa wanda in ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya yi sama. Muka cusa kanmu, mahauci da maƙwabci can baya wurin kaya. Ya ɗauki hanya mafi ramuka don mu ji a jikinmu.

Muka faɗa ramin farko, kowa ya riƙe numfashi. Shiru. Mota ta wuce lumui kamar kwale-kwale. Na biyu ma haka. Maƙwabci har ya fara gyangyaɗi.

Malam ya taka birki, ya shige ƙarƙashi ya duba jan farcensa. Babu notin da aka taɓa. Ya fito fuska a murtuke yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"A cikinku wa ya gaya masa za mu zo?"

A haka muka isa. Sanƙo yana goge hannu da tsumma, bai ce wa kowa sannu ba. Malam ya buɗe baki, ni kuwa na riga shi, na ce wallahi yau motar ƙalau take. Sanƙo ya dubi mota, ya dube mu muna saukowa, kowa ya sauka sai bayanta ya ƙara yin sama. Ya zagaya ya leƙa wurin kaya.

"Ina janareto?"

"Yana gida."

"Famfo da bututai fa?"

"Ka taɓa ganin na kawo kayana gareji?"

"Tun ranar da na ɗaga ta ka mayar da su?"

Malam ya girgiza kai.

"Kai dai Anya, an yi asarar wayo," in ji Sanƙo. "Na san abin da kake ɗauka, shi ya sa na zaɓo sifirin na masu kaya. Babu nauyi ba za su lotsa ba, dole ta yi ta harbi kamar jakin da aka sauke wa mangala. Yau ka ɗoro mata waɗannan buhunan, ta samu abin da take nema."

Mahauci ya ce a yi masa bayanin wa ake kira buhu. Ba wanda ya kula shi.

"To," in ji Sanƙo, ya jefar da tsumman. "An ce kana da magana. Ga shaidunka. Faɗi."

Malam ya dubi ƙasa, ya dubi mota. Na ga leɓensa yana haɗa "anya", ya haɗiye. Ya ce magana ta wuce. Sanƙo ya ce ba ta wuce ba, don akwai notocin ƙafa da ya kamata a sake ɗaurewa mota tana ɗauke da nauyinta na kullum, kuma shi ba zai ajiye ƙarti huɗu a garejinsa yana ciyarwa ba.

Washegari da hantsi Malam ya loda komai, har akwatin sifanu, ya kai gareji. Ya miƙa makulli, ya juya ya fita ko waiwaye babu. Sanƙo ya daɗe yana kallon makullin a tafin hannunsa. Da yamma ya dawo majalisa.

Mai shayin da ke tsallaken garejin ne ya ba ni sauran labarin. Ya ce wani mutum ya wuni a bencinsa, ya juya wa titi baya, yana ta gyara zaman madubin wani babur da aka jingine a gefe.