Faifan Kawu na Bakwai

Duk wanda ya gaisa da Kawuna sai ya kalli hannunsa na dama. Yatsu uku a karkace suke, ba sa lanƙwasuwa. Mama ce ta ba ni labarinsu, don lokacin ina goye a bayanta.

A wancan lokacin a shagon buga takardu da kwamfuta yake aiki, zamanin ƙananan faifan nan na roba da ba sa cin abin kirki. Shi ya zauna ya haɗa wata manhaja mai matse rubutu, abin da zai ci faifai ashirin ta dunƙule shi cikin shida. Daga nan aka sa masa suna Matsi. Sai dai duk abin da ta matse, ita kaɗai ke iya buɗe shi. Da ita ya adana tarihin gidanmu, wanda Kaka ya shekara biyu yana faɗa masa kafin ya rasu. Muryar Kaka ya ɗauka, abin da ya faɗa kuma ya rubuta. Faifai shida tarihi, na bakwai manhajar.

Mai shago ya ce tasa ce, tunda a kan kujerarsa aka yi ta. Kawu ya ce to kujerar ta rubuta masa wata. Ya goge ta daga kwamfutar shago, ya taho gida da faifansa.

Washegari da hantsi sai ga mai shago da ƙannensa biyu. Kawu na hango su ya cusa wa Mama na bakwai a hannu, ita kuma ta soke shi bayan katuwar lasifikar rediyonsa.

"Matsi, ina kayana?"

"Tambayi kujera."

Mari ya fara sauka. Suka kayar da shi, suka yi ta ƙwallo da haƙarƙarinsa har ya tofar da jini. Mama ta yi kansu da tsintsiya, ɗaya ya hankaɗe ta ta bugu da bango, ni ina tsala ihu. Suka ja hannunsa suka sa a bakin ƙofa.

"Yau kai za mu matse, mu ga cikin faifai nawa za ka shiga."

Sau uku aka buga ƙofar.

"Yaya, ka ba su mana!" in ji Mama tana kuka.

"Rufe min baki! Muryar Baba ce a ciki."

Maƙwabta ne suka kore su. Da aka dawo daga wajen mai ɗori, Mama ta ciro faifan tana murna. Kawu ya ga inda ta ciro shi, ya zauna daɓas. Maganaɗisun lasifika ya shafe duk abin da ke cikin faifan. Tun daga ranar Mama ba ta sake kunna rediyo a gabansa ba.

Shekara goma sha takwas faifan shida na cikin gwangwani, ba mai iya karanta su. Da na gama sakandare na je na ce, "Kawu, ga yatsu goma aro." Muka samo tsohuwar kwamfuta a wajen mai gyara, yana faɗa min manhajar daga ka ina bugawa. In na yi kuskure sai ya ƙwanƙwashe ni da karkataccen yatsan. Wata biyar muka yi.

Faifai biyar suka buɗe, ɗaya ya riga ya lalace. Layin farko sunan kakar Kaka ne. Kawu ya sa na buga yadda manhajar take aiki a takarda, na raba wa duk mai so.

Sannan ya ce, "Kira uwarki ta zo ta karanta."