Almu na Dakoro da Hannun Daman Na'Allah

Kafin a buɗe ƙofar likitar Dakoro, wato asibitin garin, Almu Zakariya'u ya riga ya share rumfarsa da ke bayan ginin. Ya duba igiyoyin da ya rataya, ya jijjiga sanduna biyun da masu koyon tafiya ke dafawa, ya jera ƴan buhunan rairayi daga ƙarami zuwa babba. Kayan aikin ke nan duka. Da hantsi sai a fara sauke mutane daga kan jakuna da raƙuma: yaran da shan inna ya lanƙwashe wa ƙafa, makiyayin Tagriss da karayarsa ta warke amma hannun ya ƙage, tsohuwar da gwiwa ta hana ta ruku'u. Bana shekararsa ashirin da biyar a aikin likita, bakwai daga ciki a wannan rumfa.

Tun zamanin Nasara yake allura da ɗaurin ciwo. Da aka samu mulkin kai aka tura shi Dakar ƙarin karatu, ya yi shekara uku cur yana koyon yadda tsoka da jijiya da gaɓoɓi ke motsi, da yadda ake tayar da su in sun kwanta. Ya dawo da takardar da ta kira shi kine, wato mai gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Mutanen Dakoro, da ba sa rasa abin faɗa, suka ce Almu ya ƙetare ƙasashe ya koyo tausa, abin da kowace kaka ta iya. Shi dai dariya yake yi. Na'urorin da ya gani can ba su biyo shi ba, bai kuma zauna jiransu ba.

Mai son sanin abin da ya koyo ya je Ɗan Gulbi ya tambayi labarin Na'Allah. Manomi ne, kuma a ƙofar gidansa mazan unguwa ke haɗa akusa su ci tuwo tare. Bayan girbi ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannun dama ya ƙi. Dattijo irinsa kuwa ba zai tsoma hagu a akushin jama'a ba, gara ya kwana da yunwa. Sai ya shige ɗaka ya daina fita, matarsa Hawwa'u tana ba shi a baki. Wata biyu yana jin hirar maza ta bayan danga, tana cinsa fiye da ciwon.

Ranar kasuwa Almu ya zo bisa ɗan babur ɗinsa mobilet. Ya murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ji ɗan motsi a babban yatsa. Ya ce kullum da safe a aje wa Na'Allah ƙwaryar gujiyar iri ya ɓare da hannun dama, kada kowa ya taimaka.

Cindo, wan Na'Allah, ya yi tsalle ya dire. "Haba, Lokotoro! Mutum na kwance ka ba shi aiki? In an zo dubiya mi za a ce? Cewa za a yi mun gaji da shi."

"Ku bari a ce," in ji Almu. "Hannun ga bai mutu ba. Amma in kuka ci gaba da yi mashi komi, kahin damana zai bushe, ni kaina ba ni iya gyara shi."

Mako uku yana zuwa yana tarar da ƙwarya cike da ɓararriyar gujiya, hannu kuwa yana nan yadda yake. Ya damƙi gujiyar ya duba. Ko ɗaya ba ta fashe ba, ɓawon ya rabu biyu tsaf. Almu ya san hannun da ke koyo murƙushewa yake yi. Ya kira Hawwa'u gefe.

"Uwar gida, wa ke ɓarar gujiyar ga?"

Ta sunkuyar da kai. "Lokotoro, ba ni iya kallo. Ƙwara guda sai ya yi zuhwa kamar mai noma. Shekara talatin bai bar ni da yunwa ba, in zamna in zuba mashi ido?"

"Na san don so kike yi. Amma kowace ƙwara kika ɓare mashi, kin ƙara mashi kwana cikin ɗakin ga. Kina son shi koma ƙohwar gida, ko ko?"

Ta yi kuka sosai. Daga ranar, in ta aje ƙwaryar sai ta ɗauki hatsinta ta tafi daka gidan maƙwabta, don kada zuciya ta ja ta. Mako na gaba Almu ya tarar da ƙwara bakwai, duk a murƙushe, ya yi murna har Cindo ya ɗauka ya zautu. Bayan gujiya aka koma jan igiya, bayan igiya aka koma mulmula yumɓu daidai girman loma.

Ana gab da shuka Na'Allah ya fito. Waɗanda ke wurin sun ce ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuro. Loma ta farko ta faɗi kan tabarma. Babu wanda ya ɗaga ido, suka ci gaba da zancen hadari. Ta biyu ta kai baki. Cindo ya juyo masa gefen akushin da miya ta fi yawa.

Kai ne, Almu, mai haƙurin jiran yatsa ɗaya ya motsa. Kai ne ka yarda a kira ka marar tausayi don wani ya tashi. Ba ka yi wa Na'Allah allura ko guda ba, amma ka maido da shi cikin mutane, kuma irinsa nawa ne tsakanin Sabon Maci da Tagriss? Mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku ƴan makaranta masu gama lakwal, ƙasar nan sabuwa tana bukatar irin wannan ilmi, rumfa ɗaya ba za ta ishi Dakoro ba. Ku je ku koyo, ku dawo gida. Ku kuma masu jinya, in Almu ya ce ku janye hannu, ku daure ku janye. Hawwa'u ta daure, yau ga mijinta yana ci da hannunsa.