Yaya Bulus da Tsoron Kabari

Daminar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Bulus. Ya bar duniya yana da arba'in da 'yan kai, ni kuwa yau na haura hamsin, wato ƙanwar ta girme yayanta. Duk shekarun nan ban taɓa zama na rubuta komai a kansa ba. Bana ne abin ya zame mini dole, domin watan jiya wata likita a Kano ta taɓa mamana na hagu, sannan ta ce akwai ƙari, sai an yi aiki. Tun ranar tsoro bai rabu da ni ba, kuma ba wanda yake faɗo mini a rai sai shi.

Mu Hausawa ne, Kiristoci, daga wani ƙauye a arewacin Kano, ta wajen Tsanyawa. Kakanninmu Maguzawa ne, a zamaninsu suka karɓi bishara. Gidajenmu ba su da yawa, suna tsakiyar gidajen maƙwabtanmu Musulmi, gona manne da gona, rijiya ɗaya. Na san yawancin masu karanta wannan shafi Musulmi ne, kuma ban zo yi wa kowa wa'azi ba. Labarin mutum ɗaya zan bayar, da abin da ya riƙe lokacin da ƙasa take cinye mutane.

Yaya Bulus manomi ne, ba fasto ba. Dogo, mai sanyin magana, mai tsoron maciji fiye da duk wanda na sani. Muna yara, in aka ga sawun maciji a bakin rumbu, ni ake turawa na leƙa, shi yana can baya da sanda. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka jarumi nake yabo.

A daminar da ya rasu, amai da gudawa suka shigo ƙauyenmu. Gero ya fara fitar da kai, ruwa ya cika ƙoramar da ke tsakaninmu da titi. Mutum zai fita gona da safe lafiya lau, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, muryarsa ta shige. Aka daina musabaha. Mata suka daina shiga gidajen juna. In ka ji kuka ya tashi, sai ka tsaya cak kana lissafin daga wane gida ne, kana kuma sauraron cikinka ko ya motsa. Ma'aikatan lafiya sun zo, sun bar mana safar hannu da ruwan magani, sun yi gargaɗi a kan taɓa gawa. Daga nan samarin majami'armu suka ja baya. Ban ga laifinsu ba.

Yaya ne ya ɗauki diga da shebur. Shi yake haƙa kabari, shi yake shirya gawar mazan cikinmu, yana sa safar kamar yadda aka nuna masa. In rasuwar ta gidan Musulmi ce, ba ya sa hannu a abin da ba nasa ba, amma zai kai musu kayan haƙa, ya ɗebo ruwa, ya tsaya daga gefe har a gama.

Wata rana da hantsi na same shi a gindin ɗorawar ƙofar gida yana gyara ƙotar diga. Na fizge shebur ɗin da ke gefensa na rungume.

"Yaya, don Allah ka bari. Kana da ƙananan yara. In ka kwanta wa zai haƙa naka?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Hannatu, kina tsammani daɗi nake ji? Ko tuwo na kasa ci."

"To me ya sa?"

"Saboda jikin nan ba shara ba ne. Za a neme shi. Ba zan bari a jefar da abin da Ubangiji zai dawo ya tayar ba."

Na ce masa wannan maganar majami'a ce, ana faɗinta ranar Lahadi lokacin da kowa ke da lafiya. Na ce, wa ya taɓa dawowa ya gaya mana? Ban taɓa yi masa magana haka ba, tsoro ne ya kwance mini baki. Bai yi fushi ba. Ya ce na zauna.

Abin da ya gaya mini ran nan ba na mai ilimi ba ne, tunanin mutum ne da ya san tsoro daga ciki. Ya ce shi abin da ya fi kama shi a labarin tashin Yesu Almasihu daga matattu shi ne halin mabiyansa. Ranar da aka kama shi, watsewa suka yi. Babbansu ya rantse bai san shi ba. Suka shige ɗaki suka kulle ƙofa.

"Irina ne," in ji shi. "Na san matsoraci, don ni ne. Matsoraci ba ya fitowa kasuwa ya ɗaga murya a gaban waɗanda suka kashe ubangidansa, sai in ya ga wani abin da ya fi tsoronsa girma. Mutum zai iya mutuwa a kan ƙaryar da aka gaya masa ya yarda. Amma a kan ƙaryar da shi da kansa ya ƙulla? Bulala biyu ta isa ya tona."

Ya kuma ce na duba waɗanda aka ce su suka fara tarar da kabarin babu kowa. Mata ne.

"A ce dattawan garin nan sun zauna za su ƙirƙiro labari don a yarda da su. Za su ce mata ne suka fara gani, mu muna ɓoye a ɗaki? Wa yake tsara ƙarya ya sa kansa a wurin kunya? An faɗe shi haka ne don haka ya faru. Kuma masu mulkin lokacin, da gawar tana nan, ai fito da ita kawai za su yi, magana ta ƙare."

Ban ce na gamsu ba. Ya miƙo hannu, na ba shi shebur ɗin.

Akwai maƙwabcinmu Malam Isyaku, mai koyar da karatu, wanda gonarsa ke jikin ta Yaya. Shekara da shekaru suna muhawara a kan iyaka, kowa jingine da fartanyarsa. Malam ya ce Annabi Isa ba a kashe shi ba, Allah ne ya ɗauke shi. Yaya ya ce ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Ba wanda ya taɓa juya wani, ba kuma wanda ya taɓa zagin wani. Abu ɗaya suka haɗu a kai: kabari ba nan ne ƙarshe ba, akwai ranar da za a tashi a tsaya gaban Mahalicci. Yau in na ga yadda samari suke jifan juna da baƙaƙen maganganu a waya a kan addini, sai na ce da Yaya yana nan me zai ce? Ina jin tambayarsu zai yi ko sun taɓa tsayawa a bakin kabarin maƙwabci.

Ciwon ya kama shi lokacin da annobar ta fara lafawa, har mun fara sakin jiki. Da safe ya fara, kafin azahar ba ya iya tsayuwa. Muka ba shi ruwan gishiri da sukari, yana dawowa. Malam Isyaku ne ya ɗaura shanunsa a amalanke, muka shimfiɗa tabarma muka kwantar da shi, don mu kai shi titi mu sami motar asibiti. Da muka isa ƙorama, ruwa ya kai ƙirji, yana gudu ja wur. Shanu suka ƙi shiga. Malam ya shiga da ƙafa ya gwada, ruwan ya kusa tafiya da shi. Muna hango titi, muna hango motoci suna wucewa.

Na ɗora kan Yaya a cinyata. Fuskarsa ta zama ta wani tsoho da ban sani ba. Ya motsa baki, na sunkuya.

"Hannatu, tsoro nake ji."

Ni da nake jiran ya ƙarfafa ni. Na ce, "Yaya, to maganar da ka gaya mini fa?"

Ya daɗe kafin ya tattaro murya.

"Tana nan. Ba ni zan tayar da kaina ba. Tsorona ba zai hana Ubangiji ba."

Bai sake magana ba. Kafin ruwan ya ja, ya cika. Malam Isyaku ya cire hularsa ya riƙe a hannu, hawaye na bin gemunsa, sannan ya juya shanun muka koma gida. Samarin da suka ja baya a da, su suka haƙa kabarinsa, ba wanda ya aike su.

Ƙauyen da ya bari ba shi ne na yau ba. Yanzu wani tsoron ne ya maye gurbin na cuta. Ana jin labarin 'yan bindiga a garuruwan da ke yamma da mu, ƙarar babur baƙo ta isa ta sa mata su kwashe yara. Matar Yaya ta bi babban ɗansu zuwa Ungogo. Iyalai da dama sun tashi, majami'armu ta laka ranar Lahadi ba ta cika rabi. Maƙabartarmu 'yar ƙarama ce, gonaki sun kewaye ta, kowace shekara garma tana matsowa. Nakan yi tunanin ranar da ba za a sami ko ɗayanmu a garin ba, a nome wurin, a manta da wanda ke kwance a ƙasa. Wannan tunanin yana hana ni sakat kamar yadda ƙarin yake hana ni.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya na ce bangaskiya ta cire mini fargaba ba. In na tuna ɗakin aiki, da allurar da za ta sa ni barci, tafin hannuna jiƙewa yake. Nakan tambayi kaina, in Yaya ya yi kuskure fa? Sai na sake bin hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin igiya a cikin rijiya. Na yi shekara goma sha ɗaya ina neman inda za ta tsinke, ban samu ba. Wani zai iya cewa ban iya nema ba ne. Wataƙila. Amma na ga mutumin da ya dogara da ita da dukan nauyinsa, yana rawar jiki, kuma ta ɗauke shi.

Me ya rage na Yaya Bulus? Gonarsa an raba. Hotonsa guda ne, shi ma ya koɗe. 'Yarsa ta ƙarshe ba ta tuna muryarsa. In abin da ya rage na mutum shi ne abin da mutane suke tunawa, to nasa yana ƙarewa tare da mu. Amma shi bai taɓa jingina da tunawarmu ba. Ya gaskata cewa Wanda ya fito daga kabari ya san inda kowane nasa yake kwance, ko da alama ko babu. Abin da ya bar mini ke nan, kuma da shi zan shiga asibiti mako mai zuwa.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sujada a majami'a, na ratsa ta cikin gero na je wurinsa. Na cire ciyawar da ta rufe tudun, na zauna har rana ta yi zafi. Na gaya masa maganar likita kamar yana ji. Da na miƙe zan tafi, na buɗe baki don na yi masa ban kwana, sai na ji kalmar ba ta dace ba. Na kakkaɓe zanina na ce, "Yaya, sai da safe."